Fugazi da Tikitin Dala Biyar: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina sauraron Fugazi, kuma duk wanda na kunna wa waƙarsu, da zarar ya ji labarin tikitin dala biyar sai tambayoyi su biyo baya. Kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa sai an ɗan zauna.

Su wane ne Fugazi?

Makaɗa huɗu ne daga Washinton, babban birnin Amurka. Ian MacKaye da Guy Picciotto suna kaɗa jita suna kuma rera waƙa, Joe Lally yana riƙe da jitar bes mai kaurin amo, Brendan Canty kuma yana kan ganguna. Wasansu na farko a gaban jama'a sun yi shi ne ranar 3 ga Satumba 1987 a Wilson Center, wani zaure da ke ƙarƙashin ginin tsohuwar majami'a. Ranar nan su uku ne. Picciotto ya shigo daga baya, ya fara da amshi da rawa a gefen dandamali, sai a 1989 ya rataya jita. Daga wannan dare zuwa Nuwamba 2002 sun yi wasa sama da 1,000, a duk jihohin Amurka 50, da Turai, da Japan, da Ostireliya, da Kudancin Amurka.

Me ake nufi da kiɗan indi, kuma Fugazi suna cikinsa?

Indi an yanko ta ne daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. A shekarun 1980 manyan kamfanonin faifai kaɗan ne ke riƙe da rediyo da shagunan sayar da waƙa a Amurka. Wanda ba su ɗauka ba, ko wanda bai yarda da sharuɗɗansu ba, sai ya nemi ƙaramin kamfani irin SST a Kalifoniya, ko Touch and Go a Shikago, ko Sub Pop a Seattle. Asalin kalmar ke nan: magana ce ta wa ya mallaki faifan, wa ya biya kuɗin bugawa, wa ke cin ribar. Daga baya ne ta koma sunan wani salon kiɗa, har ka ji ana kiran mawaƙin da ke ƙarƙashin babban kamfani ɗan indi.

Masu raba kiɗa gida-gida sukan ajiye Fugazi cikin abin da ya biyo bayan hadko, wato reshe mai tsananin sauri da zafi na pank, kiɗan jita na matasa masu bore. Ba su yi ƙarya ba. Amma in ma'anar farko ake nufi, ban san wata ƙungiya a Amurka da ta kai su cancantar sunan ba, domin ko faifai ɗaya ba su taɓa fitarwa a hannun babban kamfani ba.

To wa ke buga musu faifai?

Su da kansu. Tushen abin yana komawa 1980, lokacin MacKaye yana ɗan shekara 18. Shi da abokinsa Jeff Nelson suna cikin wata ƙungiyar samari mai suna Teen Idles. Da ƙungiyar ta watse, sai ga dala 600 da suka tara daga wasanni. Maimakon a raba kowa ya kama gabansa, suka ce a buga faifai da kuɗin. Babu kamfanin da zai kula yaran da ba a san su ba, don haka suka buɗe nasu, suka raɗa masa suna Dischord, suka buga kwafi 1,000.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne jakar faifan. Ba su san inda ake yin ta ba. Sai suka ɗauki jakar wani faifai da suka saya, suka ɓare ta a hankali, suka shimfiɗa, suka zana siffarta a takarda, suka kai wa mai buga takardu. Da aka kawo, suka zauna da almakashi da gam, a yanka, a ninke, a manna, ɗaya bayan ɗaya har aka gama. Wanda ya fara sana'a ta wannan hanya ya san kuɗin komai, daga takarda har kan sarki, kuma ba mai zuwa daga baya ya ce masa ai abin ba ya yiwuwa sai da manya.

Dischord na da ƙa'idojinsa tun farko. Makaɗan yankin Washinton kaɗai yake bugawa. Ba a sa hannu a kwantiragi, magana ce da amana. In an cire kuɗin da aka kashe, ribar a raba biyu tsakanin kamfani da makaɗa. Sannan sukan rubuta farashin faifai a bayan jakarsa, da adireshin da za ka aika kuɗi a turo maka ta gidan waya, don kada mai shago ya tsawwala. Har yau kamfanin yana nan yana aiki.

Kafin Fugazi me mutanen nan suke yi?

MacKaye da Nelson sun kafa Minor Threat, wadda ta rayu daga 1980 zuwa 1983, ta kuma zama ɗaya daga cikin ginshiƙan hadko. Picciotto da Canty kuwa suna Rites of Spring a tsakiyar shekarun 1980. Dukansu sun taso ne suna kallon Bad Brains, ƙungiyar baƙaƙen fata ta Washinton da ke haɗa pank da rege. Zuwa 1985 wuraren wasan hadko sun cika da 'yan ta-kife masu zuwa neman faɗa, sai wasu daga cikin makaɗan garin suka yanke shawarar rage gudun kiɗan, su faɗaɗa abin da waƙa ke iya faɗa. A cikin wannan yanayi aka haifi Fugazi.

Mece ce ma'anar sunan?

MacKaye ya tsince shi ne a wani littafi da ya tattara labaran sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. A bakin sojojin, kalma ce ta lamarin da ya dagule, ya fi ƙarfin gyara.

Da gaske ne dala biyar suke karɓa a ƙofa? Ta yaya ba su karye ba?

Da gaske ne. Shekara da shekaru, a mafi yawan wasanninsu na Amurka, kuɗin shiga dala 5 ne. Can wajen ƙarshe ya ɗan motsa zuwa 6 ko 7 a wasu wurare, amma bai taɓa kusantar abin da takwarorinsu ke karɓa ba.

Mutane sukan ɗauka sadaka suke yi. Ba haka ba ne, lissafi ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani: riba kaɗan, ciniki da yawa, sannan a toshe duk wata kafa da kuɗi ke zurarewa. Ba su da manaja mai yankar kaso. Ba su da dillalin da ke nemo musu wasa. MacKaye ne ke ɗaga waya ya yi ciniki da mai zaure, ya tambayi nawa ne hayar wuri, nawa ne na masu gadi, nawa ne na lasifika, ya soke duk abin da bai zama dole ba. Ma'aikatan da ke bin su rangadi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su da kansu ke tuƙa mota su sauke kaya. Ba sa ɗaukar fitilu masu launi da hayaƙi. Da yake tikitin da araha, zaure kan cika, kuma suna yin wasa kusan kowane dare idan sun fita. Ga kuma kuɗin faifai da ke dawowa gida kai tsaye. Da wannan suka ci, suka sha, suka riƙe iyali.

Farashin yana da wani amfanin da ba kowa ke lura da shi ba. Ya zama musu rariya. Mai shirya wasan da ya ji dala biyar ya ɓata fuska, sun san tun daga nan ba abokin tafiya ba ne, sai a rabu lafiya. Shi ya sa lokacin da aka gayyace su babban bikin kiɗa na Lollapalooza suka ƙi, domin tikitinsa ya ninka nasu sau da yawa. Haka kuma wanda ya biya kuɗi kaɗan ba ya zuwa da gadarar sai an yi masa waƙar da ya sani. Wannan ya ba su damar yin abin da ransu ke so a dandamali.

Me ya sa suka nace sai an bar yara sun shiga?

A Amurka ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 giya, kuma yawancin wuraren kiɗa mashaya ce, don haka matasa a waje suke tsayawa. MacKaye ya sha wannan wulaƙanci yana yaro. Lokacin Teen Idles sun je wasa a San Francisco, mai gidan ya zana musu babban gicciye da alƙalami a bayan hannu don masu sayar da giya su gane su. Da suka dawo gida suka roƙi masu kulob na Washinton su yi haka, a bar yara su shiga da alamar a hannu. Fugazi ta riƙe wannan a matsayin sharaɗi: in za a tsayar da wani a ƙofa saboda shekarunsa, ba za su yi wasan ba. Hujjarsu ita ce kiɗa ba ɗan aiken masu sayar da barasa ba ne.

Ina gaskiyar labarin ambulan mai kuɗi a ciki?

A wasannin pank akwai al'adar banke-banke, samari su yi ta karo da juna da sunan rawa, wasu su hau dandamali su diro kan mutane. Masu ƙarfi ke jin daɗi, mata da ƙananan yara a ture su can baya, wani lokaci har da karaya. Fugazi suna sa a bar fararen fitilu a kunne don su riƙa ganin fuskokin jama'a. In MacKaye ya hango wani yana cutar mutane, sai kiɗa ya tsaya cak a tsakiyar waƙa. Ya nuna mutumin, ya yi masa magana da ladabi kamar mai yi wa baƙo, ya tambaye shi dalili. In ya ƙi ji, akwai ambulan da aka tanada da dala biyar a ciki. A miƙa masa kuɗinsa, a raka shi ƙofa, kiɗa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na saurari rikodin irin wannan dare fiye da sau ɗaya. Abin da ke kama ni shi ne shirun da ke biyo bayan tsayawar gangunan, mutum ɗari-ɗari sun yi tsit, murya ɗaya tana magana ba tare da zagi ba. Wannan ma ba zai yiwu ba in da tikitin na dala 50 ne.

Yaya kiɗan nasu yake?

A wurinsu bes da ganguna ne gaba. Lally yakan kama layi ɗaya mai nauyi ya yi ta juya shi, irin na rege, Canty kuma ya yi ta sassaƙa a kewaye, har da wata ƙararrawar ƙarfe da ya rataya a jikin gangunansa. Jita biyun ba sa bin hanya ɗaya: ta MacKaye mai kauri ce mai sara, ta Picciotto siririya mai kaifi. Muryoyin ma haka, ɗaya kamar mai ba da umarni, ɗayan kamar mai kuka. Sun iya amfani da shiru. A farkon "Waiting Room", waƙarsu da aka fi sani, kiɗan yakan ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙu bayan ya fara, sai ka ji zuciyarka ta rataya kafin ya dawo.

Ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi kafin su hau dandamali. Wani ya fara kaɗa wani abu, ko ya yi alama da ido, sauran su gane su bi. Wannan yana nufin dole kowannensu ya riƙe duk waƙoƙinsu a ka a kowane dare.

A kan me suke waƙa?

A kan abin da ke gabansu. "Suggestion" tana magana da bakin macen da maza ke tsangwama a titi, kuma wani lokaci sukan miƙa makirufo ga mace ta rera ta. "Repeater" ta fito ne a 1990, lokacin da hodar iblis da bindiga suka addabi Washinton, ana kashe sama da mutum 400 a shekara a birnin. "Smallpox Champion" ta tono yadda aka hallaka 'yan asalin ƙasar Amurka. "Cashout" kuwa a kan talakawan da masu gidaje ke kora ne in unguwa ta yi daraja.

Ba a waƙa suka tsaya ba. A garinsu, wasanninsu ko dai kyauta ne, kamar waɗanda suka riƙa yi a filin Fort Reno da bazara, ko kuma na tara kuɗi ne ga asibitocin kyauta da masu kula da marasa matsuguni, galibi tare da ƙungiyar matasa ta Positive Force. A ƙarshen 1990 sun yi wasa a gidan yarin Lorton. Ranar 12 ga Janairu 1991, cikin tsananin sanyi, suka kafa kayan kiɗa a dandalin Lafayette da ke fuskantar Fadar White House, suna adawa da yaƙin da Amurka ke shirin ƙaddamarwa kan Iraƙi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka fara ruwan bama-bamai.

Manyan kamfanoni ba su neme su ba?

Sun neme su ƙwarai. Bayan ƙungiyar Nirvana ta yi kasuwa a 1991, kamfanoni suka bazama suna kwasar duk wata ƙungiya mai ƙarar jita. Biyu daga cikin 'yan gidan Dischord, Jawbox da Shudder to Think, sun tafi, ɗaya Atlantic ɗaya Epic. A 1993 kundin Fugazi mai suna In on the Kill Taker ya shiga jerin Billboard na kundaye 200 da suka fi kasuwa, ba tare da bidiyo a tashar talabijin ta kiɗa MTV ba. A shekarar ne Ahmet Ertegun, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Atlantic, ya je wasansu a New York da kansa ya yi musu tayin miliyoyin daloli. Suka gode masa, suka ce a'a.

Ni a ganina ƙin karɓar bai zo musu da wahala kamar yadda ake zato ba. Ba a jarabtar mai ƙoshi da tuwo. Suna da kamfani, suna da masu raba musu faifai, ciki har da Southern Studios na John Loder a Landan, suna da masu saurare, ba su da bashi. Abin da babban kamfani zai ƙara musu kuɗi ne, abin da zai karɓe kuwa shi ne ikon cewa a'a.

Me ya sa ba a samun rigar Fugazi ta asali?

Domin ba su taɓa yin ta ba. Ba riga, ba hula, ba fosta ta sayarwa. Duk wadda ka gani ta bogi ce. Sun kuma ƙi yin hira da mujallun da ke tallan taba da giya, abin da ya rufe musu ƙofar manyan mujallun kiɗa na lokacin.

An ce ba sa shan giya. Haka ne?

MacKaye ba ya shan giya, ba ya shan ƙwaya. A 1981 ya yi wata gajeriyar waƙa da Minor Threat mai suna "Straight Edge" yana bayyana hakan, sai matasa a ƙasashe da dama suka mayar da sunan waƙar wata aƙida. Shi dai ya sha faɗa cewa halinsa ya bayyana, bai kafa wa kowa doka ba, kuma bai ji daɗin waɗanda suka mayar da abin dalilin dukan mutane ba. Fugazi ba ta taɓa kiran kanta da wannan suna ba.

Ba su da abin suka ke nan?

Suna da shi. Akwai masu cewa sun cika wa'azi, mutum ya biya kuɗinsa ya zo nishaɗi a tsayar da kiɗa ana yi masa faɗa. Akwai ƙananan makaɗa da suka ji haushin yadda aka mayar da Fugazi ma'auni, ana zargin duk wanda ya sayar da riga ko ya karɓi dala 10 da cin amana, alhali shi ba ya tara mutum dubu a dare, rigar ce ke saya masa man mota. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, sai dai masoya ne suka ɗora wa wasu wannan kaya, ba makaɗan ba. Abin da ni ya fi damuna shi ne labarin ɗabi'arsu yakan danne labarin kiɗansu, har mutum ya san zancen dala biyar bai taɓa zama ya saurari kundinsu Red Medicine ba.

Sun rabu ne?

Ba su taɓa cewa sun rabu ba. Wasansu na ƙarshe shi ne na 4 ga Nuwamba 2002 a zauren Forum da ke Landan, daga nan suka tafi hutun da ba su sa wa rana ba, domin iyali da 'ya'ya sun fara neman lokacinsu. Zumuncinsu yana nan. MacKaye ya kafa The Evens da matarsa Amy Farina, daga baya Lally ya haɗu da su suka zama Coriky, suka fitar da kundi a 2020. Lally da Canty suna tare a The Messthetics da makaɗin jita Anthony Pirog. Picciotto ya fi karkata ga shirya wa wasu faifai a situdiyo. An sha yi musu tayin kuɗi masu yawa su dawo, ba su amsa ba.

Wane gado suka bari?

Ana jin sawunsu a kiɗan ƙungiyoyi irin At the Drive-In da Refused da wasu da yawa. MacKaye ne ya ɗauki faifan farko na Bikini Kill, ƙungiyar matan da ta buɗe wa mata fili a pank. Eddie Vedder na Pearl Jam, wanda ƙungiyarsa ta yi rigima da kamfanin Ticketmaster a 1994 kan tsadar tikiti, bai taɓa ɓoye ƙaunarsa gare su ba. John Frusciante na Red Hot Chili Peppers ya yi aiki da MacKaye da Lally a 2004.

Lissafin ya canja yanzu. Faifai ba ya kawo abin da yake kawowa a 1993, dala biyar ta yau kuma ba ta jiya ba ce. Amma duk waƙar da suka ɗauka, akasari a situdiyon Inner Ear na Don Zientara da ke Arlington, tana hannunsu har gobe. Ba su taɓa zuwa kotu neman a mayar musu da haƙƙin waƙarsu ba, domin ba su taɓa ba da shi ba.

Daga ina zan fara saurare?

Fara da 13 Songs na 1989, wanda ya haɗa ƙananan faya-fayensu biyu na farko, sai Repeater na 1990. In kunnenka ya saba, tsallaka zuwa The Argument na 2001, kundinsu na ƙarshe, wanda ni na fi so: ya fi natsuwa, akwai muryoyin mata a amshi, akwai makaɗin ganga na biyu, Jerry Busher. Mai son gani da ido ya nemi Instrument, fim ɗin da Jem Cohen ya yi shekara 11 yana ɗauka, ya fito a 1999. A ciki ne za ka ga Picciotto ya cusa kansa cikin zoben ƙwallon kwando, ya rataya ƙafa sama kai ƙasa, bai fasa rera waƙa ba.

Sai babbar taska. Mai kula musu da sauti yakan ɗauki kusan kowane wasa a kaset, suka adana sama da 800. A 2011 Dischord ya fara ɗora su a intanet, ana sauke kowanne a kan dala 5, wanda bai da hali ya ba da ƙasa da haka, mai hali ya ƙara. Ba a goge kuskure ba, ba a yanke wuraren da aka tsaya ana magana da masu banke-banke ba. A shafin kowane wasa an rubuta rana, da gari, da sunan zaure, da yawan mutanen da suka zo, da kuɗin ƙofa. Ka bi layin kuɗin ƙofar gari bayan gari, daga zauren mutum 200 zuwa na dubbai, lambar 5 ce za ka yi ta cin karo da ita.